Kujerar da Ta Daina Kuka

"Wannan ba kujerar mijina ba ce."

A hankali dattijuwar ta faɗa, amma kowa a ɗakin ɗaukar shirin ya ji. Fitilu na haskawa, kyamarori na kallo, ita kuwa mai gyaran katakon da ake kira Kafinta tana tsaye riƙe da mayafin da ta yaye daga kan kujerar, murmushin da ta shirya ya bushe mata a fuska.

"Mama, ita ce," ta ce. "Ƙafar bayan da ta karye na gyara, na ɗaure gaɓoɓin, na..."

Dattijuwar ba ta ko dube ta ba. Ta sake jingina a jikin kujerar, ta karkata hagu, ta kasa kunne kamar mai jiran sallama daga ƙofa.

Shiru.

Ta miƙe ta gyara gyalenta.

"Kin kashe ta, yarinya. Sannunki da aiki."

A shirin nan na talabijin, mutane kan kawo kayan da suka gada sun lalace, agogo ko akwati ko keken ɗinki, a gyara musu, su yi kukan daɗi a gaban duniya. Ɓangaren katako a hannun Kafinta yake, kuma ba a taɓa tashi daga gabanta da ɓacin rai ba. Yau da aka fara, sai aka fara da matar da take fatan ta zama surukarta.

Can bayan kyamara ɗan matar ne riƙe da sandar makirfo. Abokan aiki Kunne suke ce masa, don ko cikin baƙo ne ya yi ƙugi sai ya tsayar da ɗauka. Shi ya kawo shawarar a shigo da kujerar marigayi mahaifinsa cikin shirin. Tun da ya kai maganar Kafinta gida mahaifiyarsa ta ce ita ba ta ga abin so a macen da ke wuni da guduma cikin maza ba, hannu duk kanta. Shi kuma da wayonsa na masoya ya lissafa cewa in ta ga aikin hannun, za ta so mai hannun.

Ya jefar da sandar ya bi bayan mahaifiyarsa. Mai gabatar da shirin, wadda ake kira Tauraruwa, ta riga shi. Ta riƙo hannun dattijuwar tana lallashi da muryar nan tata mai zaƙi, har da waiwayowa ta jefa wa Kafinta kallon tausayi. Kowa a wurin ya san ta daɗe tana zarya gidansu Kunne da sunan gaishe da Mama.

Darakta kuwa hannu yake murzawa.

"Wannan fitowar za ta tashi gari," ya ce. "Kada wanda ya goge min ko daƙiƙa."

Kafinta ta wuce ɗakin aikinta ta turo ƙofa. Ta zauna a kan bencin da ya sha garin katako, ta kifa kai a gwiwa, ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san laifinta ba. Ba ta taɓa zuba zuciyarta a wani aiki kamar wannan ba. Makonni ta yi tana bin kujerar gaɓa gaɓa, duk inda ta ji motsi ta ɗaure, duk inda ta ji ƙara ta kashe, don kawai matar nan ta zauna ta ce madalla.

Aka ƙwanƙwasa.

"Gwanata..."

"Ka tafi."

"In tafi ina? Duk inda na nufa nan ƙafata take dawo da ni."

Ya shigo ya durƙusa a gabanta. Idanunsa sun yi ja.

"Me ta ce maka?"



"Ta ce kujerar tana da kuka. Duk ranar duniya in Abba ya dawo daga aiki ya zauna, tana kicin za ta ji, ta san ya shigo. Bayan rasuwarsa, in kewa ta dame ta, sai ta zauna ta karkata ta ji kukan." Ya girgiza kai. "A gidan na girma. Ni da ake ce wa Kunne. Ƙarar nan haushi take ba ni tun ina yaro, ban taɓa tambayar abin da take ji a ciki ba."

Kafinta ta dafe ƙirji.

"Kuma ni na kashe shi da hannuna..."

"Ba ki sani ba."

"Sai me kuma ta ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ta ce wadda ba ta tambayi abin da za ta bari ba kafin ta gyara, in ta shigo gida haka za ta yi wa mutanen gidan. Ta ce in cire ki daga raina."

Maganar ta soke ta, kuma abin haushin, ta ga gaskiya a ciki. An ba ta kujera da bayanin abin da ya karye, ita kuma ba ta nemi ganin mai kujerar ba. Tsoron idon matar ne ya hana ta.

"To ka cire ni mana," ta ce tana share hawaye.

"Da me? Ba ni abin cire ƙusa in gwada."

Dariya ta kuɓuce mata cikin kukan, ta kai masa duka da tsumman goge katako. Sai hannunta ya tsaya a sama. Idonta ya sauka a kan gwangwanayen da ke jere a kan kantar kayan aiki.

Mahaifinta, tsohon kafintan da ya koya mata riƙon zarto, yana da doka guda: abin da ka cire daga kayan mutane ba naka ba ne, ba ka da ikon zubarwa. Don haka kowane aiki da gwangwaninsa. Ta sauko da na kujerar ta juye a kan tebur. Tsofaffin ƙusoshi, ɓallin fenti, sai wani guntun itace mai santsi da ta zaro daga inda hannun hagu ya haɗu da majingina. Wani ne ya cusa shi a ramin a madadin ƙusar katako, bai ma cika ramin ba. Ranar da ta cire shi har tsaki ta yi, ta ce wannan aikin wane gwanin ne.

"Daga nan kukan yake fitowa," ta ce. "Ina bukatar in ji shi yadda yake a da. Ranar da aka kawo kujerar an ɗauki sauti?"

"An ɗauka. Ranar ba ni ne a kan makirfo ba. Amma yana cikin na'ura."

Ya ɗauko kwamfutarsa ya lalubo ɗaukar, ya sa mata abin sauraro a kunne ɗaya, shi ya riƙe ɗayan. Suka ji takun mutane, suka ji an ajiye kujera. Sai muryar Mama, kusa da makirfo, kafin a fara hirar:

"'Yata, ki gaya wa mai gyaran, ƙafar kawai. Kin ji wannan?"

Ƙiiiƙ...

"Kada ta taɓa min shi."

Sai muryar Tauraruwa, zaƙi kamar kullum: "Kada ki damu Mama, da bakina zan gaya mata."

Kunne ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ta gaya miki?"

"Cewa ta yi Mama na son ta ga kujerar kamar sabuwa."

"Yanzun nan zan kai wa Mama ta ji. Darakta ma ya ji."

Ta riƙo bakin rigarsa.

"Darakta kai ka sani. Amma Mama ba shaida ta rasa ba, masoyi, kukan kujerarta ta rasa. In ka wanke ni ka bar ta da shiru, me aka yi?"

Ya koma ya zauna.

Washegari Kafinta ta fara aikin da ba ta taɓa yi ba, wato ɓata gyaran da ta yi da kyau. Ta jiƙa tsumma da ruwan zafi ta naɗe gaɓar har gam ɗin ya saki. Ta zare sabuwar ƙusar katakon da ta fiƙe daidai ramin, ta kankare wurin tas, ta mayar da guntun itacen nan mara kyan gani. Mai gyaran agogo na shirin ya leƙo ya ce lallai soyayya ta kai, yau ga kafinta na roƙon katako ya yi ƙara.

Ta danna hannun kujerar. Wani ɗan cik ya fito, siriri.

Kunne ya saurari na cikin na'ura, ya saurari wannan, ya girgiza kai.

Ta juya itacen ta ɗaya gefen. Ta sassauta, ta matse. Ta zauna da kanta, shi ma ya ɗosana a hankali kamar mai zama a kan ƙwai, don tsoron kada ya ɓalla mata aiki. Kwanaki suna abu ɗaya. Wani lokacin kukan ya yi kusa, amma kusa ba shi ba ne, kuma dukansu sun san kunnen da zai yi hukunci ya fi na Kunne.

A cikin kwanakin ne Darakta ya saurari ɗaukar. Fitowar da yake murna da ita ya ajiye ta, don ba zai nuna wa duniya mai gabatar da shirinsa tana cin amanar baƙuwa ba. Tauraruwa ta daina biyowa ta ƙofar ɗakin aikin.

"Iyakar iyawata ke nan," Kafinta ta ce wata safiya, ta ajiye guduma. "Mu mayar mata da kayanta. Ba kyamara, ba kowa. In ba ta haƙuri da bakina."

Da la'asar suka isa. Falon ƙarami ne, tsaf, kuma kusa da taga akwai sawun ƙafafu huɗu a kan kafet inda kujerar ta yi shekara da shekaru. Kafinta ta daidaita ta a kan sawun.

Mama na kicin. Ta amsa sallama daga can, ba ta fito ba.

Kunne ya je bakin ƙofa.

"Mama, mun dawo da kujerar. Tana so ta gaishe ki."

"Na ji. Ku ajiye, Allah ya yi albarka."

"Mama, don Allah..."

"Auta, ina da aiki."

Ƙarar famfo ta ƙaru. Kafinta ta tsaya a tsakiyar falon, ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Ta yi nufin ta ajiye haƙurinta ko daga bakin ƙofa ne ta tafi, amma ƙarar famfon ba za ta bari a ji ta ba.

Kunne ya dawo jiki a sanyaye. Ya manta da lallaɓawa, ya manta da aikin wa zai ɓalla. Ya saki jikinsa gaba ɗaya a kan kujerar, ya jefa nauyinsa a gwiwar hannun hagu ya dafe kai, irin zaman da ya tashi yana gani a gidan.

Ƙiiiƙ...

Famfo ya tsaya.

"Ka dawo? Sannu da zuwa, ga ruwa nan."

Muryar ta fito daga kicin sakayau, irin wadda Kafinta ba ta taɓa jin matar ta yi ba. Sai ga Mama a bakin ƙofa da kofi a hannu, tana tafe da saurinta. Ta yi taku biyu ta tsaya cak. Ta dubi ɗanta a kan kujerar. 



Ta ƙaraso a hankali, ta shafa hannun kujerar har yatsanta ya sami kan guntun itacen.

"Wa ya mayar da wannan?"

"Ni ce, Mama." Kafinta ta durƙusa. "Ni na cire, ban tambaye ki ba. Ki yafe min."

"Ba ki yar ba?"

"Ba nawa ba ne."

Hawaye suka gangaro wa dattijuwar, amma bakinta murmushi yake.

"Cokalina ne na katako. Muna amare ya karye, kujerar ma ta saki, ya ce shi zai gyara da kansa. Mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba." Ta yi 'yar dariya. "Na ce masa yanzu ma ta fi ƙara. Ya ce ai gara, kin huta da leƙe."

Kunne ya buɗe baki zai kawo zancen Tauraruwa, Kafinta ta girgiza masa kai. Wannan na iya jira.

Mama ta kamo hannun Kafinta ta ɗaga ta. Ta juya tafin, ta bi kantar da babban yatsa, ta ga inda ruwan zafi ya saɓule mata fata. Ta daɗe ba ta saki ba.

"Auta, tashi ka ba mutane wuri."

Ya miƙe da sauri. Ta zaunar da Kafinta a kan kujerar. Kafinta ta ɗosana a baki-baki, kanta a ƙasa don kunya.

"Ba haka ake zama ba. Saki jikinki. Karkata hagu."

Ta karkata.

Ƙiiiƙ...

Mama ta lumshe ido ta saurara har kukan ya ƙare. Sannan ta miƙa mata kofin da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, 'yata. Sha ruwa."