Jan Zaren da ke Igiyar Garza

Ranar da Nahuel Ferreyra ya fara ganin 'yata Milagros, kansa yana can cikin jirgin ruwana, ƙafafunsa suna waje. Ta zo da ƙoƙon shayinmu da ake kira mate, ta taɓa takalminsa da nata.

"Mai ƙafafu, za ka sha, ko sai an nemo kanka?"

Ya fito da baƙin mai a goshi, ya karɓi ƙoƙon, ya manta bai kai baki ba. Ina zaune a bayan jirgin, na ga komai, na kuma raina abin da na gani.

Garza sunan jirgin, mai tafiya da iska ne, shekara ashirin yana hannuna a San Isidro. A ƙarƙashinsa akwai faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ke hana iska kifar da shi. Da hannu ake juya igiyarsa, a ɗage shi inda babu zurfi, a sauke shi idan an fita tsakiyar kogi. Gejin da ke nuna inda ƙarfen yake ne ya mutu, shi ne masu gyara suka aiko mini Nahuel, ɗan wani tsibiri, wanda iyayensa ke yankan ciyawar tabarma, ya sa sabo.

Aikin kwana biyu ya ci mako guda. A makon na koyi ɗabi'ar da har yau nake jin kunyarta: duba wayar 'yata idan ta shiga wanka. A saƙonninsu shi yana kiranta Kyaftin, ita tana kiransa Siriri.

"Kyaftin, yau sau biyu ina haɗa wayar geji a baibai. Laifinki ne."

"Siriri, in ka nutsar da jirgin Baba, ni da kai sai a lahira."

"To, a can ma zan nemi aurenki."

Na ce a raina, ji shirme. Ni na riga na zaɓa mata Bautista Larralde, ɗan abokina na kulob ɗin masu jiragen ruwa, mai farin takalmin da ruwa bai taɓa jiƙawa ba.

Ranar Juma'a ta same mu iskar arewa ta kwana uku tana kore ruwan kogi, Garza saura kaɗan ya zauna a laka. Nahuel ya goge hannunsa ya ce da ni, "Don Anselmo, na ɗaura gejin, amma ban saita shi ba. Sai ƙarfen ya sauka har ƙarshe allurar gejin za ta san inda ƙasa take. Yau kuwa a rabin hanya zai tarar da laka. A jira ruwa ya dawo."

Bautista da ke wurin ya yi dariya. "A tsibirinsu har allura sai an kai ta makaranta. Kawu, ba ni minti biyar."

Ya juya igiyar har ta tsaya, ya danna maɓalli, allura ta nuna ƙasa.

Na ce da Nahuel, "Ka gani? Kwashe kayanka. Kuma ƙofar gidana ba matsayar kwale-kwale ba ce."

"Sai an jima, yallaɓai." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayar Milagros, ni na fara gani.

"Kyaftin, kada ku yarda da gejin nan gobe. Ki buɗe murfin igiya. Na ɗaura jan zare a jikin igiyar tun ranar da aka ciro jirgin daga ruwa, sai kin gan shi ƙarfen ya kai ƙasa. Ina sonki ko da an kore ni."

Na ɗauka dabarar mai neman a dawo da shi ce. Na goge saƙon, na gaya mata shi ya ajiye aikin don ya gaji da mu. Ba ta yi kuka ba. Ta dai daina ce mini Baba, ta koma "to" da "a'a".

Ranar Asabar muka nufi garin Colonia da ke tsallaken kogi, ni da Milagros da Bautista. A tsakiyar kogi iska ta juya daga kudu maso gabas, ruwa ya tashi. Allura tana nuna ƙasa, amma Garza ya kwanta a gefe har ruwa yana shigowa. Bautista ya rungume ƙarfen gefen jirgi, yana amai a kan farin takalminsa, yana ƙwanƙwasa gejin da yatsa.

"Ai geji ya ce ƙarfen yana ƙasa, Kawu. Duba ka gani."

Milagros tana riƙe da sitiyari. Ta ce, "Jirgin nan ba ya jin nauyinsa."

Na san dalili. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ban faɗa nan take ba. Ran 'yata a hannu ɗaya, girmana a ɗaya, kuma sai da na tsaya na auna.

"Ba ni sitiyarin. Buɗe murfin igiya, ki juya sai kin ga jan zare."

"Wane zare?"

"Ki dai juya."

Juyi goma sha bakwai ta yi kafin zaren ya bayyana. Garza ya miƙe a hankali kamar mai tashi daga jinya. Ta zauna, tafin hannunta duk ya saluɓe, ta dube ni.

"Wa ya gaya maka, Baba?"

"Ke aka gaya wa."

Ranar Litinin na shiga jirgin haya na tafi tsibirinsu. A gaban mahaifiyarsa na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Tsohuwar ta cika ƙoƙon mate ta miƙa wa ɗanta, ta sake cikawa ta sha, ta tsallake ni. Ban ga laifinta ba.

Nahuel ya kalli kogi, ya ce, "Ruwa ya dawo, Don Anselmo?"

"Ya dawo."

"To, mu je mu saita shi. Kyaftin tana can?"

A watan Maris aka ɗaura aurensu a ƙaramin cocin katako na tsibirin, aka gasa nama tun safe. Mutanen kulob sun zo suna ta duba lakar da ke takalmansu. Bautista furanni ya aiko. Da aka zo zagayen shayi, tsohuwar ta miƙo mini ƙoƙon ba tare da ta kalle ni ba.

Gejin yana aiki daidai yanzu, amma ba na fita sai na buɗe murfin na ga zaren. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu halin uwa da uba, ya tsare su daga halin kakansu.