Furanni a Wuyan Mai Rai

Ranar da Tanmoy ya fara aiki a tsohon gidan su Mrinmoyi da ke bakin kogi, a kan tsani ta same shi. An ɗauko shi ne ya gyara zanen magabatan gidan, ya tantance wane ne wane.

"Mai hotuna, a hankali. Kakana ba ya son a taɓa masa gashin baki."

Ya waiwayo, ya kasa mayar da ido kan aikinsa.

Kowane hoto a dogon zauren yana sanye da sarƙar furanni, abin da a al'adarsu hoton mamaci kaɗai ake rataya wa. Har da na wata budurwa can kusurwa.

"Yaushe ta rasu?"

"Tana nan da ranta," in ji Mrinmoyi, murya ƙasa-ƙasa. "Pishi ce, ƙanwar Baba. Ta auri wanda ba a so. Tun daga ranar Baba yake sa wa hotonta furanni kowace safiya."

Damina ta sauka, bango ya yi ta tsattsafo da ruwa, shaƙuwar Tanmoy da Mrinmoyi ta yi nisa. Da magana ta kai kunnen mahaifinta, Bhabatosh Babu, bai yi faɗa ba. Hoton Mrinmoyi ya miƙo wa Tanmoy.

"Buga ƙusa gefen na Pishinta. Ai aikinka ne."

Tanmoy ya rataya. Ya tura mata saƙo: "Mrinu, gara in tafi da a binne ki da rai."

Ta amsa: "Mai hotunana, in ka tafi ma mutuwar ce. Tsaya."

Washegari Bhabatosh Babu ya shigo da sarƙa biyu, ya tarar da ita tsaye ƙarƙashin hotonta.

"Baba, ga wuyana. In za ka sa, ka sa kana kallona."

Ya kawar da kai, idonsa ya faɗa kan hoton ƙanwarsa. Tanmoy ya riga ya wanke dauɗar shekaru daga fuskarta, idanunta sun fito tar, suna kallonsa. Ya daɗe a tsaye.

"Yanzu ta yi furfura, ko?" ya ce a hankali.

Sai ya juyo. Ya miƙa wa 'yarsa sarƙa ɗaya, Tanmoy ɗaya.

"Ku ajiye min wannan nauyin."

Ranar aurensu, da suka rataya wa juna sababbin furanni a wuya bisa al'adar ango da amarya, wata dattijuwa mai furfura ce ta fara dafa kansu.

"Ku tsufa tare," in ji Pishi, "da ranku."