Ɗakin Herminia na Saman Rufi

Ranar da Rufino ya sa aka ɓalle matakalar ƙarfen da ke hawa saman gidan, Herminia tana can sama tana shanya. Ƙarar guduma ta ji, ta leƙo... sai ga matakalar da marigayi mijinta Celso ya ƙera da hannunsa an yar a bakin titi! Ta dafe ƙirji ta ce, "Yaya Rufino, to ta ina zan sauko?" Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Ki yi fiffike mana. Ko ki tattara komatsanki gaba ɗaya, sai in miƙo miki tsani." Wayyo duniya! Wan mijinta fa ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya, ga shi Celso bai ko shekara a ƙasa ba.

Unguwar Los Molles da ke gefen birnin Lima ta daɗe tana mutuwa a tsaye. Tun da aka rufe masaƙa bas ta daina shigowa, kasuwa ta watse, ƙaramin asibitin ma aka garƙame shi. Ƙofa bayan ƙofa sai allon sayarwa, dillali kuwa duk zuwan da zai yi sai ya ƙara karya farashi. Rufino ya haukace yana son ya rabu da gidan ubansu kafin ya zama kyauta, amma wa zai sayi gida da bazawara a samansa? Sai ya ɗora mata laifin komai. Wai ita ce baƙar ƙafa, wai tukunyar taimakon da suke dafawa da matan unguwa a ƙofar gida ita ke tara mayunwata tana korar masu saye. Ya yanke mata ruwan famfo, ya bi gida-gida yana cewa 'yar alfarma ce kawai, ko ɗa ba ta ajiye musu ba. Wannan maganar ita ta fi ƙona mata rai. Da tsanin katako na aro take hawa da bokiti a ka, har wata safiya ana yayyafi santsi ya kwashe ta, ta faɗo, hannu ya karye. Tana kwance a ƙasa tana hawaye take cewa, "Ya Ubangiji, ba ni da kowa, ba ni da inda za ni... ka bar mini ɗakin nan in mutu a inda Celso ya mutu." Kashegari da hannu ɗaya ta juya miyar unguwa!

Ana nan sai dillali ya kawo mai saye, wani dattijon kafinta mai suna Don Macario, mutumin kan duwatsu. Rufino ya riga ya hau ya watsar da tukwanen furanninta, ya ce ta zauna can gefe kada ta kuskura ta yi tari. Abu ɗaya ya manta. A jikin rodin da aka bari tsaye domin ƙara wani bene nan gaba akwai ɗan gicciyen ƙarfe, da wuyan fasasshiyar kwalba ɗaure da jan ƙyalle da ya koɗe. A al'adar can, ranar da maƙwabta suka taru suka zuba simintin rufi ake fasa kwalba a ɗaura waɗannan don neman albarka. Dattijon ya tsaya ya ƙura musu ido.

"Wa aka zuba wa wannan rufin?" in ji shi.

"Tarkacen da ne, ranka ya daɗe, yau ɗin nan zan cire," in ji Rufino.

"Cire mana in gani, ɗan nema!" Muryar Doña Teófila ce daga ƙasa, tsohuwar da ke jagorar tukunyar unguwa, tana dogara sanda. "Malam, ni ce uwar wannan rufin, da hannuna na fasa kwalbar nan. A gaban duk wanda ya ɗauki siminti ranar, ubansu Don Anselmo ya ce ƙasa na Rufino ne, sama na Celso da matarsa har abada. Kai kuma Rufino kana ina? Kana filin ƙwallo! Sai da aka sauke tukunya ka iso da faranti!"

Kafin ka ce me, ragowar mutanen unguwa sun cika titi. Wannan ya ce shi ya kwaɓa yashi, waccan ta ce ita ta riƙa miƙa ruwa, wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce Herminia da kanta ta hau da bokiti har kafaɗarta ta saluɓe. Don Macario ya cire hularsa, ya dubi karyayyen hannun nan, ya ce da Rufino, "Ni ma maƙwabta suka zuba mini rufina. Ko kyauta ka ba ni, ba na kwana a ƙarƙashin hawayen matar nan." Ya sauka ya yi tafiyarsa. Herminia ta rungume rodin ta fashe da kuka... wannan karon na godiya ne.

Labari ya zaga, ba dillalin da ya sake taka ƙofar. Ƙarshenta Rufino ya sa ƙasan kaɗai a kasuwa, farashin kuwa ya faɗi warwas har matan tukunya suka iya haɗa gudummawa suka saye, suka mayar da shi ɗakin cin abincin unguwa. Maza suka mayar da matakala. Herminia takan ce, "Iya Teófila, na yi ta kuka da faɗuwar farashin gidajen nan, ashe da suna da daraja da tuni an sayar har da ni a ciki. Allah na gode, na gode!"

Rufino kuwa fili ya saya a wata sabuwar unguwa can cikin rairayi, ba ruwa ba hanya, ɗan abin hannunsa ya ƙare a sayen ruwan tanka. Wata rana ana rabon abinci sai ga shi a ƙarshen layi, ya rame, ya yi baƙi, kai a sunkuye da faranti a hannu. Mata suka fara gunaguni, Doña Teófila har ta ɗaga sanda. Herminia ta karɓi farantin da hannun nan da ya karye, idanunta cike da ƙwalla, ta ce, "Ku ƙara masa nama, ku ba shi kujera daga ciki. Gidan ubansa ne."