Guntun Allura a Wuyan Bijimi

Da hantsi Sufeto Halili ya iske jini da kofatai a bayan gonar taba a garin Pamekasan da ke tsibirin Madura. Bijimin tseren Alhaji Marsuki ne, wanda ya ɓace tun asuba. Shi ko Alhajin yana tsaye yana wasa lauje.

"Matrawi ne," in ji shi. "Bara na kayar da shi a tsere. Kafin magariba, ko ni ko shi."

A Madura ba a yin wannan magana da wasa. Halili ya karɓe laujen. "Baba, zauna. Ka ba ni zuwa la'asar."

Ya fara da maƙwabcin, Matrawi.

"Ni in yanka bijimin? Ranka ya daɗe, ni na riƙe igiya shekaranjiya da likita ta yi masa allura. Ya fizge, allurar ta karye a wuya. Wane mahaukaci zai ci wannan nama?"

Likitar dabbobi, Sumiyati, ta gaskata shi. Ta nuna ragowar allurar.

"Na shafa fenti a wurin, yau zan dawo in ciro ta. Na tara mutanen gidan Alhaji na ce ko ya faɗi kada a ci, ga ƙarfe ga magani a jikinsa."

"Wa ba ya nan?"

"Busiri mai tsire, mijin 'yar Alhaji. Ranar ya je birnin Surabaya."

Halili bai yi gaggawa ba. Bijimin tsere ba ya bin baƙo shiru. Wanda ya ja shi ɗan gida ne, kuma bai ji gargaɗin ba.

Ya tarar da Busiri yana fifita garwashi, 'yarsa ƙarama na gefe da tsinken tsire a hannu.

"Sannu da zuwa, Sufeto. In zuba miyar gyaɗa?"

"Yau nama ya yalwata, Busiri. Daga ina?"

"Mahauta mana."

"To madalla. Bijimin surukinka da aka sace, akwai guntun allura a wuyansa, ga magani. Tausayin wanda zai haɗiye nake ji."

Yarinyar ta kai tsinke baki. Busiri ya yi wuf ya buge shi ƙasa, ya sa yatsa yana laluben bakinta.

Halili ya bari sai da ya gama. "Naman mahauta ne ai. Me ya firgita ka?"

A cikin kwandon ƙanƙarar Busiri aka samu wuyan bijimin, Sumiyati ta tsaga shi, ta ciro guntun allurar, ya zauna daidai kan ragowar.

Kafin la'asar Halili ya mayar wa Alhaji laujensa a gaban Matrawi.

"Wanda ya san da allurar ba zai yanka ba, wanda bijimin bai sani ba ba zai ja shi ba. Surukinka kaɗai ya rage. Lauje na yankan ciyawa ne, Baba. Tashi ka ba maƙwabcinka haƙuri."

Alhaji ya tashi.