Takardar da Inna Ta Tsinta

Tela ya shigo gida cin abincin rana, tef ɗin awo rataye a wuyansa, sai ya tarar da mahaifiyarsa a falo ta haɗe rai tana kaɗa ƙafa. Daga gani ya san yau akwai magana.

"Inna, lafiya?"

"Da sauƙi dai. Rufe ƙofa ka zo ka ga aikin matarka."

Ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin matashin kujera. Wai katin rigakafin jikarta Bebi ta shiga nema a durowar Auta, matar Tela, ta ci karo da ita. Innar da ko sau ɗaya ba ta taɓa raka Bebi allura ba, yau ita ce mai neman kati.

Zane ne a takardar. Da'irori da 'yan akwatuna, an haɗa su da layuka, kowanne da suna a ƙarƙashinsa. An cike da'ira uku da baƙin biro, an kuma soke su da layi.

"Karatuna ba nisa, amma na iya haɗa baƙi," in ji Inna. "Wannan uwarta ce, ta mutu. Wannan yayar uwarta, ta mutu. Wannan kakarta. Duk wadda aka shafa wa baƙi tana ƙasa. To ga sunanka nan cikin akwati, an ja layi an ɗaure ka da ita. Saura kai."

"Haba Inna, asiri da biro?"

"Bokayen yanzu har waya gare su."

Ya yi dariya, amma iyakarta leɓe. Wata biyu ke nan Auta tana fita wasu ranakun Talata, ta ce gidan yayarta za ta je. In wayarta ta yi ƙara sai ta shige kicin ta rage murya. Ran nan ma ya ga filasta a gwiwar hannunta, ta ce sauro ne. Wane sauro ake yi wa filasta?

"Jininta take kai musu," in ji Inna. "Nan da Juma'a ko ita ko ni a gidan nan."

Tela yana son Auta, so na gaske, shi ya sa zargin ya yi masa ciwo. Ya kasa tambayarta, don yana tsoron amsar. Kwana biyu yana ɗinki yana farkewa.

Ran Talata ya rufe shago ya bi ta a baya, kunya kamar ta kashe shi. Motar da ta hau ba hanyar gidan yayarta ta bi ba. A ƙofar babban asibiti ta sauka, ta bi wani dogon baranda har ɗakin ƙarshe, inda mata ke zaune a benci kowa da fayil. Yana leƙe ta bayan ginshiƙi ta waiwayo, suka haɗa ido.

"Abban Bebi, bina kake yi?"

Ya miƙa mata takardar da ya karɓa wajen Inna. Ta dube ta, hawaye suka zubo mata.

"Tunda ka zo, shigo ka ji da kunnenka."

Likitar mace ce mai furfura. Ta shimfiɗa takardar a tebur ta ce ita ta zana ta da hannunta. Da'ira mace ce, akwati namiji, baƙi na nufin wadda ta yi kansar mama, layin da ya soke kuwa rasuwa. Bincike suke yi kan iyalan da cutar ke yawan bi, suna gwada jini don gano ko akwai abin da ake gada.

"Sunanka ya shiga ne don kai ne mijinta, ga 'yarku nan a ƙasa," ta ce. "Rizal ɗinta kuma ya fito. Ta gaji abin daga mahaifiyarta. Ba ta da kansa, ba kuma dole ne ta yi ba, sai dai haɗarinta ya fi na sauran mata. Za mu riƙa duba ta a kai a kai, ko wani abu ya taso mu tare shi tun yana ƙarami."

Tela ya juya wajen matarsa. "Me ya sa kika ɓoye min?"

"Tsoro. Ka san Inna. Cewa za ta yi na kawo muku cuta cikin zuri'a. Ni kuma ina da shekara tara na rasa uwata, ba na son Bebi ta tashi yadda na tashi."

"Sori, Auta. Na zarge ki da abin da ko faɗa ba zan iya ba."

"Na sani. Kwana biyu ko ruwan da na ba ka sai ka leƙa cikin kofin."

A gida Tela ya durƙusa gaban Inna, Auta na gefe, ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ya ƙare da cewa ba zai saki matarsa ba, ba kuma zai bar uwarsa ta fita ba. Ya jira faɗa, amma faɗan bai zo ba. Inna ta daɗe tana kallon baƙaƙen da'irorin nan.

"Ke Auta," ta ce a hankali, "ita mahaifiyar taki, da me abin ya fara mata?"

"Wani ɗan ƙullutu ne, Inna. Ba ya ma ciwo, shi ya sa ta share shi har shekara."

Inna ta ɗora hannu a gefen ƙirjinta na hagu, ta kasa sauke shi.

"Tela, ba mu wuri."

Wata huɗu ke nan Inna tana jin nata ƙullutun, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ɗauka jifa aka yi mata, kuma a ranta ta riga ta yanke wadda ta yi jifan.

Washegari Auta ce ta riƙe mata jaka har ɗakin likita. Kansa ce, amma an same ta da wuri. Aka yi aiki, aka shiga magani, Auta ce wanka, ita ce wanki, ita ce mai tuna ranar komawa asibiti, ba ta taɓa tayar da zancen takarda ba. Ranar da likita ta ce sakamako ya yi kyau, Inna ta kama hannunta a baranda tana kuka.

"Na ce ki bar gidan nan da Juma'a. Da kin tafi, 'yata, wa zai kawo ni nan?"

Zargi ba ya jiran hujja, ɓoye ciwo kuma ba ya rage shi. Da Tela ya tambaya tun farko, da Auta ta faɗa, da Inna ta nuna abin da ke jikinta, da an huta da hawaye masu yawa. Takardar tana nan a durowar Auta tare da katin rigakafin Bebi, kuma Inna ce da kanta ta ce a adana ta har yarinyar ta girma.