Tankin Inna Hure

A gindin tankin ruwan gidansu a Ƙofar Kwaya Iklima ta fara ganin Badamasi, yana ƙwanƙwasa ƙafafun ƙarfen yana rubutu.

"Malam, gaisawa kake da ƙarfe?"

"Tambayar shi nake shekara nawa suka rage mishi," ya ce da murmushi. Injiniya ne, aikinsa lissafa yaushe abu zai lalace tun yana tsaye.

Kafin wata uku ya zama "Injiniyana", ita kuma "Sanyin idona".

Tankin na mahaifiyarta ne, Inna Hure, da shi take sayar da ruwa. Ranar da Badamasi ya zo gaishe ta, ta tsare shi.

"Tankin nan zai kai shekara goma?"

"Inna, ban ga tsatsar da ke cikin ƙasa ba. Amma in goma ne irinsa, uku za su faɗi kafin damina biyu. Ban sani ba ko naki na cikinsu. A rage ruwan, a ƙara ƙafa."

"Yau ga baƙin baki! Namijin da bai iya i ko a'a ba, shi zan ba ɗiyata?"

Sammani mai walda, wanda ya kafa tankin, dama yana son Iklima. Ya bugi ƙirji ya rantse tankin sai ya kai shekara ashirin. Inna ta kori Badamasi.

Washegari saƙo ya shigo: "Sanyin idona, ko ba ni aka ba ba, don Allah ku daina zama ta gabas da tankin."

Iklima ta ɗauka sallama ce. Ta yi fushi, ba ta amsa ba, ba ta kuma gaya wa Inna ba. Wannan shirun har gobe yana cin ranta.

A damina ta biyu tankin ya rufto ta gabas, ya karya wa Inna ƙugu. Sammani ya ce ƙaddara ce. To, ƙaddara ce ta sayo ruɓaɓɓen ƙarfe? Har yau yana waldarsa, manyan unguwa ba abin da suka iya sai "a yi haƙuri".

Badamasi ya zo dubiya, bai ce "ai na faɗa" ba. Har lokacin Iklima ba ta yi aure ba. Inna ta dube shi.

"Za ka riƙe min Iklima har mutuwa?"

"Inna, wannan sai Allah. Amma duk inda tsatsa ta fara, ba zan ɓoye ba."

Inna ta share hawaye. "Turo manyanka."

A kwance ta sa musu albarka ranar ɗaurin aure. Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Sammani kuwa, Inna ta ce ba ta yafe ba.