Hoton Dutsen Tinguelin

Sufeto Mahfuzu bai gama kurɓar shayinsa na safe ba sai ga wata dattijuwa ta faɗo ofishinsa, ɗankwali a karkace, tana haki.

"Shef, an yi mini sata!"

Ya gane ta. Madam Geneviève ce, tsohuwar malamar makaranta da ke zaune a unguwar Roumdé Adjia. Duk Garoua an san ta da wata ƙatuwar kyamarar katako mai ƙafa uku da ta gada wurin mahaifinta. Ba ta ɗaukar biki, ba ta ɗaukar mutane. Duwatsu da kogi kawai.

"Zauna, Mama. Me aka ɗauka? Kyamarar?"

"Da ita ce da sauƙi. Fim ɗina ne. Shekara uku ina jiran in ga Dutsen Tinguelin bayan ruwan farko, gajimare na kwance a kansa. Jiya na samu. An gayyace ni baje kolin hotuna a Yaoundé, da shi zan je."

Ta yi masa bayani. Fim ɗinta falle-falle ne, kowanne ya kai faɗin littafin makaranta, yana cikin gidansa na katako mai murfi. In aka zare murfin a haske kafin a wanke fim ɗin, hoton ya tafi har abada.

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Mu je gidan."

Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa rediyo ko talabijin ba. Jakar fim ɗin kaɗai aka ɗauke daga kan tebur.

"Wa ya shigo ɗakin nan jiya?"

"Parfait ne, direban da ke kai ni daji. Shi ya shigo mini da kaya, ni kuma na shiga wanka."

Aka kira Parfait. Ya zo da murmushi, riga mai ratsi a jikinsa, ya ajiye motarsa a ƙofar gida, tsohuwa fara mai ƙofa ɗaya baƙa.

"Lokacin da Mama take kan tudu tana aiki, kai kana ina?"

"Barci nake a mota, Shef. Wallahi ko fita ban yi ba."

"Me kuka tattauna a hanyar dawowa?"

"Ba komai."

"A'a, mun yi hira," in ji Madam Geneviève. "Na ce maka fim ɗin nan yana gani fiye da ido, ko akuya ce a can nesa za ka ƙirga ƙafafunta. Daga nan ka yi shiru har gida."

Sufeto ya zagaya motar a hankali. Ya sa aka buɗe but. An wanke shi tas, amma hancinsa ya ɗauko wani wari da ya sani tun yana yaro a gidan kakansa makiyayi. Sai ya tuna takardar da ya gani kan teburinsa da safe: wani manomi mai suna Maurice, a ƙauyen gindin Tinguelin, ya kawo ƙarar ɓatan ragonsa.

Ya rufe but ɗin. Ya bar Parfait a hannun kofur ɗin da ya rako shi daga ofis, a inuwar mangwaro, ya koma ciki.

"Mama, hoto nawa kika ɗauka jiya?"

"Huɗu."

"Nawa ne a jakar?"

"Uku..." Ta tsaya, ta dafe ƙirji. "Na huɗun! Ruwa ya taso, na kwashe kaya a gurguje, ban cire shi daga kyamarar ba!"

Ta buɗe akwatin kyamarar. Ga shi nan, murfi a rufe. Ta rungume shi kamar jariri.

"Za ki iya wanke shi yanzu?"

"Aika a sayo mini ƙanƙara. A zafin Garoua in ba a sanyaya ruwan magani ba, fim dahuwa yake yi."

Makewayinta na cikin ɗaki shi ne wurin wankin fim. Ta toshe tagar da bargo biyu, ta jera faranti uku, ta ja ƙofa. Duhu ya rufe su, Sufeto ko tafin hannunsa ba ya gani.

"Kada ka taɓa wayarka, Shef. In ta yi haske, ni ce zan kai ka komisariya, ofishinku na 'yan sanda."

Ya yi dariya, gumi na bin wuyansa. Yana jin motsin ruwa a faranti, da muryarta tana ƙirga mintoci da Faransanci. Shekara ashirin yana aikin ɗan sanda, bai taɓa jiran shaida da zumuɗi irin wannan ba.

Da ta kunna fitila ta ɗaga fallen yana ɗigar ruwa, sai ta saki guɗa. Komai a juye yake, fari ya zama baƙi, amma ga dutsen, ga gajimaren, ga gonakin da suka sha ruwa.

Ta miƙa masa madubin ƙara girma. Can ƙasa a kusurwa, ga mota mai ƙofa ɗaya daban. Ga mutum mai riga mai ratsi ya rungumo rago yana cusa shi a but.

Aka shigo da Parfait. Sufeto ya ba shi madubin.

"Duba mai barcin nan."

Parfait ya duba, ya sake dubawa, sai ya zauna a ƙasa.

"Shef, ragon ne ya biyo ni har mota. Shaiɗan ya yi sauran."

"Ina yake?"

"Yana bayan ɗakina, na ba shi dusa."

"Fim ɗin fa?" in ji Madam Geneviève. "Ka buɗe su?"

"Ban buɗe ba, Mama. Na je bakin kogin Binuwai zan jefa su, sai na tuna yadda kika yi rawa a kan tudu jiya. Na kasa. Suna ƙarƙashin kujerar mota."

Kofur ya ɗauko jakar. Ta duba murafan ɗaya bayan ɗaya, duk a kulle. Ta zauna tana dariya hawaye na zuba.

"Useko, na gode, Shef! Allah ya yi maka albarka. Hoton farko da zan buga naka ne."

Sufeto ya ce a kira Maurice ya zo ya karɓi ragonsa. Kofur ya kama hannun Parfait suka nufi ƙofa. A bakin zaure Parfait ya waiwayo.

"Mama, don Allah, na fito da kyau kuwa?"

Ta ɗaga fallen zuwa haske, ta ƙura masa ido.

"Ka fito, ɗana. Amma ragon ya fi ka kyau."